WA YAKE BIYAN MAI SHARA A KASUWAR WAYA?

A yau da wuya ka shiga gida a Garki, ko Ringim, ko Dutse, ka rasa babbar waya ko da guda ɗaya ce. In maigida ba shi da ita, ɗansa yana da ita. In ba wuta a gari, ga rumfar mai caji a bakin hanya. Da ita ake jin farashin riɗi da zoɓo kafin a kai kaya kasuwa, da ita ake gaisawa da ɗan da ya tafi ci-rani Legas, da ita kuma ake aika sanarwar biki da ta rasuwa. Wannan duka alheri ne, ba mu raina shi ba.

Amma akwai tambaya guda wadda ba safai mukan yi ta ba. Facebook da YouTube da TikTok da Instagram ba su taɓa aiko mana da takardar biyan kuɗi ba. Kuɗin data da muke saya na kamfanin layi ne. Hausawa kuwa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. To, wa yake biya? Ya kamata kowane magidanci ya san amsar, gama wanda yake biya shi ne ake jin maganarsa a kan abin da za a share, da abin da za a bari a gaban idon 'ya'yanmu.

Inda kuɗin yake fitowa

Mu kwatanta da kasuwar Maigatari ran Alhamis. Wanda ya je kallo ba ya biyan kome. Mai rumfa ne yake biya, yana kuwa biya ne saboda taron jama'a. In kasuwa ta watse, rumfa ba ta da daraja. Haka waɗannan dandali suke. Mu ne taron jama'ar, masu talla su ne masu rumfa.

Kamfanin Meta, wanda yake da Facebook da Instagram da WhatsApp, ya sami kuɗin shiga fiye da dala biliyan 164 a shekara ta 2024. Daga ciki wajen dala biliyan 160 kuɗin talla ne, watau fiye da kashi 97 cikin 100. A wannan shekara kuma YouTube, wanda yake na kamfanin Google, ya sami fiye da dala biliyan 36 daga talla. Abin da ake sayar wa mai talla shi ne idonmu da lokacinmu. Dandalin ya san shekarunka, da garinku, da irin abin da kakan tsaya ka kalla. Saboda haka mai sayar da atamfa yana iya biya a nuna tallansa ga matan Dutse kaɗai, masu shekara kaza zuwa kaza. Yawan daɗewarka kana kallo, yawan tallan da za a nuna maka.

Abin da yake tsayar da ido

Ba mutum ne yake zaɓen abin da zai fara bayyana sa'ad da ka buɗe waya ba. Kwamfuta ce take lissafi. Tana ƙirga abin da mutane suka tsaya a kansa, da wanda suka yi wa sharhi, da wanda suka tura wa waɗansu, sa'an nan ta ƙara watsa irinsa. Ita ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba, ƙirga kawai take yi. Kowa kuwa ya san halin ɗan Adam. In biyu suna ciniki cikin lumana ba mai waiwaya, amma da sun kaure da faɗa kasuwa duka za ta taru.

A shekara ta 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da dubban takardun cikin gida na kamfanin, ta kuma ba da shaida a gaban Majalisar Dattawan Amurka. Takardun sun nuna cewa daga 2017 kwamfutar tana ba 'yan fuskokin nan da ake latsawa, har da ta fushi, maki biyar, alhali alamar babban yatsa maki ɗaya take da shi. Ma'aikatan kamfanin da kansu suka gano cewa saƙonnin da suke jawo fuskar fushi sun fi yawan ƙunsar ƙarya da cin mutunci. Sai a 2020 aka cire wa fuskar fushi makinta duka.

Ga shi nan, mai dandali yana tsakanin abu biyu. Yana so jama'a su daɗe, faɗa kuwa yana sa su daɗe. Yana kuma so wurin ya kasance da tsabtar da mai rumfa zai yarda ya shimfiɗa kayansa. Domin wannan ne aka kafa dokoki, aka kuma ɗauki masu tacewa, waɗanda za mu kira su masu shara. Kwamfuta takan fara kama abin da ta gane, kamar tsiraici da jini. Abin da ya gagare ta, da wanda jama'a suka kai ƙara, sai a miƙa wa mutum ya duba. A 2021 kamfanin ya ce yana da mutum 40,000 masu aikin tsaro da tsabtar dandalinsa. Amma shara ba riba take kawowa ba, kuɗi take ci. Saboda haka tambayar ita ce, ina ake fara sharewa?

Sa'ad da masu rumfa suka yi fushi

A farkon 2017 jaridar The Times ta Landan ta nuna cewa tallan manyan kamfanoni yana fitowa a jikin bidiyon masu tsattsauran ra'ayi a YouTube, har masu bidiyon suna samun rabo daga kuɗin. A watan Maris gwamnatin Ingila ta janye tallanta, manyan kamfanonin Amurka kamar AT&T da Johnson & Johnson suka bi sahu. Jama'a sun daɗe suna kuka a kan irin waɗannan bidiyo, amma da masu biya suka tashi, gyara ya zo da sauri. Kafin shekarar ta ƙare YouTube ya yi alkawarin kai yawan masu dubawa fiye da 10,000. A watan Janairu 2018 ya sa doka cewa ba wanda zai ci kuɗin talla sai yana da mabiya 1,000, an kuma kalli bidiyonsa awa 4,000 cikin shekara.

A watan Yuli 2020 kamfanoni fiye da 1,000 suka dakatar da talla a Facebook saboda kalaman ƙiyayya. Unilever da Coca-Cola su ma sun janye nasu a lokacin. An yi 'yan gyare-gyare, amma kuɗin shigar kamfanin a wannan shekara ƙaruwa ya yi, gama yawancin masu tallansa miliyoyin ƙananan 'yan kasuwa ne waɗanda ba su da wani wurin zuwa. Wannan ya koya mana cewa sai fushin mai rumfa ya taɓa aljihu sosai kafin ya yi aiki.

Misali na uku shi ne Twitter, wanda ake kira X tun 2023. Elon Musk ya saye shi a watan Oktoba 2022 a kan dala biliyan 44. Ya sallami kusan rabin ma'aikata cikin 'yan kwanaki, har da kusan dukan na ofishin Afirka da ke Accra ta ƙasar Gana, ya kuma sassauta dokoki. Masu talla da yawa suka gudu. A watan Yuli 2023 shi da kansa ya ce kuɗin talla ya faɗi da kusan rabi.

Mai karatu, ka lura da abu guda cikin misalan nan uku. Dukan masu fushin a Turai da Amurka suke, abin da ya dame su kuwa da Turanci aka rubuta shi. Kowa ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski. Mu ba mu ba da ladan da ya kai nasu ba.

Farashin mutum ɗaya

Kamfanin Meta da kansa ya buga lissafin abin da yake samu daga kowane mai amfani da Facebook. Cikin watanni uku na ƙarshen 2023, mutum ɗaya a Amurka da Kanada ya kawo wajen dala 68. Na Turai ya kawo dala 23. A rukunin da suka kira sauran duniya, inda aka haɗa Afirka da Gabas ta Tsakiya da Kudancin Amurka, mutum ɗaya ya kawo dala 4 da rabi. Watau a littafin ciniki, Ba'amurke ɗaya ya yi mutum 15 na wajenmu.

Inda riba take, can tsintsiya take. Takardun da Haugen ta fitar sun nuna cewa kashi 87 cikin 100 na abin da aka ware domin tantance labaran ƙarya ya tafi ga Amurka, sauran ƙasashen duniya suka raba kashi 13, ko da yake mafi yawan masu amfani da dandalin ba a Amurka suke ba.

Kwamfuta kuma da misalai ake koya mata harshe. Tana da misalan Turanci ba iyaka, na Hausa kaɗan ne. Ga mutanenmu suna rubutu yadda suka ga dama, ba ƙugiya, da gauraye da Turanci, da habaici da zaurance. Bahaushe yana iya cin zarafin kabila guda da karin magana, kwamfuta ta wuce ba ta ga laifi ba. Wani kuma ya rubuta wasan tobasai, ta ɗauka barazana ce ta rufe masa shafi.

Mutanen da suke duba saƙonnin Afirka su ma ba su ji daɗi ba. Shekaru da dama wani kamfani mai suna Sama ne yake yi wa Meta wannan kwangila a Nairobi ta Kenya, cikin ma'aikatan har da 'yan Nijeriya. A 2022 mujallar Time ta ba da labari cewa waɗansunsu dala 1 da rabi suke samu a awa, suna wuni suna kallon kisa da fyaɗe. A 2023 Sama ya bar kwangilar, aka sallami ma'aikatan, da yawansu suka kai ƙara kotu a Kenya.

Abin da ya faru a Filato

Kada wani ya ce wannan maganar masu kuɗi ce, ba ruwan talaka. A ranar 23 ga Yuni 2018 aka kai hari a gundumar Gashish ta Barikin Ladi a Jihar Filato, aka kashe mutane da yawa. Wannan gaskiya ne, abin baƙin ciki ne kuwa. Amma a wannan rana aka riƙa watsa hotuna a Facebook, ana cewa ga abin da Fulani suke yi wa Birom. Binciken da BBC ta buga a watan Nuwamba 2018 ya nuna cewa waɗansu hotunan ba na wurin ba ne. Hoton wani jariri da aka sara ya riga ya fito watanni kafin harin. Wani bidiyo kuma a ƙasar Kwango aka ɗauke shi tun 2012. Kashegari fusatattun samari suka tare hanya, suka fitar da matafiya 11 daga motoci suka kashe su, mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. 'Yan sandan jihar sun ce hotunan ƙaryar sun ƙara wa wutar mai.

A lokacin mutum miliyan 24 ne suke amfani da Facebook a Nijeriya kowane wata. Bisa ga rahoton BBC, masu tantance gaskiya na cikakken lokaci da abokan aikin kamfanin suka sa wa ƙasar nan su huɗu ne, ba kuwa mai jin Hausa a cikinsu. Daga baya an shigar da Hausa cikin harsunan da ake tantancewa, ƙungiyoyi kamar Africa Check da Dubawa suna aikin. Amma a watan Janairu 2025 shugaban Meta, Mark Zuckerberg, ya sanar da soke aikin masu tantance gaskiya a Amurka. Abin da kamfani ya kafa da kuɗinsa, yana iya rushe shi ran da ya ga dama.

Mu da muke zaune a Jigawa mun san darajar zaman lafiya da maƙwabta. Rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci, muna zuwa sunan juna da gaisuwar mutuwar juna. Hoto guda na ƙarya, daga kowane ɓangare ya fito, yana iya rushe abin da kakanni suka gina. Dā an ce gani ya kori ji. Yanzu abin da ido ya gani a waya shi ma sai an bincika.

Sa'ad da mai rumfa shi ne ɓarawon

Akwai wuri guda inda shara take da wuya ƙwarai, watau inda dattin shi ne yake biyan haraji. Duk mai waya ya ga irin tallan nan: maganin da yake warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa a kwalba ɗaya, ko tallafin gwamnati da za a ba ka in ka aika lambar asusunka, ko jarin da zai ninka cikin mako biyu.

A watan Nuwamba 2025 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ba da rahoto a kan waɗansu takardun cikin gida na Meta. Takardun sun ƙiyasta cewa wajen kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar 2024, kimanin dala biliyan 16, zai fito ne daga tallan zamba da na kayan da aka hana. Rahoton ya ce ba a korar mai talla sai kwamfuta ta tabbata kashi 95 cikin 100 cewa macuci ne. In zargin bai kai haka ba, sai a ƙara masa farashin talla. Kamfanin ya amsa cewa ƙiyasin ya wuce kima, ya haɗa da tallan gaskiya da yawa, kuma yana yaƙi da zamba. Ko yaya dai, darasin a fili yake. Ganin talla a babban dandali ba shaida ba ne cewa an bincika kayan.

'Ya'yanmu ma sun shiga cinikin

YouTube yana ba mai bidiyo kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da ya fito a dogon bidiyonsa. A 2024 Meta ya buɗe wa 'yan Nijeriya hanyar samun rabon talla a Facebook. Wannan ƙofar abinci ce ta halal, akwai kuwa samari da 'yan mata da suke koyar da girki da ɗinki da noma da lissafi da Hausa, suna samun na kansu. Muna yaba musu.

Amma da yake yawan masu kallo ake biya, jaraba tana nan. Shi ya sa ake sanar da rasuwar ɗan fim yana raye, ake ƙirƙiro faɗa tsakanin malamai, ake sa kan labari mai tayar da hankali a kan bidiyon da ba kome a ciki. A gefe guda kuma, masu talla ba sa son kayansu kusa da zancen yaƙi da fyaɗe da mutuwa, don haka akan rage talla a irin waɗannan bidiyo, ko da mai yin su gargaɗi yake yi. Mai barkwanci ya ci riba, mai faɗakarwa ya tashi da kaɗan.

Abin da gida zai yi

Na fari, mu koya wa yara su gane talla. Kowane saƙon da aka biya kuɗi aka tura yana da 'yar alama a samansa ko a ƙasansa. A zauna da yaro a nuna masa, a tambaye shi, wa ya biya, me kuma yake so daga gare ka? Mu malamai mun ga yaran aji shida suna kama wannan da sauri fiye da manya.

Na biyu, in saƙo ya sa zuciyarka ta tafasa, ajiye wayar tukuna. Tambayi kanka ina aka ɗauki hoton, yaushe, wa kuma ya gani da idonsa. Ka jira ka ji ko gidajen rediyo sun faɗa. In an ambaci wani gari, ka kira wanda ka sani a can. Wanda ya tura ƙarya ya zama mai shaidar zur, ko da ba shi ya ƙaga ta ba.

Na uku, kada ka yi wa mugun saƙo sharhi don ka tsawata wa mai shi. Kwamfuta ba ta bambanta zagi da yabo, za ta ƙirga sharhinka ta ƙara watsa abin. Ka latsa wurin kai ƙara, ka wuce.

Na huɗu, mu tuna cewa saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, kamfanin ma ba ya iya karanta shi. A rukunin iyali da na zumunta ba wani mai shara sai mu. Sa'ad da tankar mai ta fashe a Majiya ta Ƙaramar Hukumar Taura a watan Oktoba 2024, mutum fiye da 150 suka rasu, hannuwanmu ne suka riƙa tura hotunan gawawwaki daga waya zuwa waya, har ƙananan yara suka gani. Kowace gawa a ciki ɗan wani ce. Shugaban rukuni ya kafa doka, ya kuma tsaya a kanta.

Na biyar, kada a aika kuɗi ko lambar sirri ta banki saboda talla. Magani kuwa a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a sha.

Dattawan Garki suna tunawa da aikin zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka yi a ƙauyukan nan daga 1969 zuwa 1976. An yi feshi a ɗakuna, an raba ƙwayoyi, zazzaɓi ya ragu ƙwarai. Da aka daina feshi, sauro yana nan, ciwon ya komo. Taimakon da ya zo daga nesa yana da amfani, ya kamata kuma hukumomin ƙasarmu su matsa wa kamfanonin nan su ɗauki masu jin harsunanmu da yawa, su biya su da kyau. Amma kafin wannan ya samu, uwa ba ta jiran mai feshi. Da magariba ta yi takan ɗaura wa 'ya'yanta gidan sauro. Haka ya kamata mu yi da wayar da take cikin gidanmu.